Yadda za ka auna gwanintarka a haɗa silimar gida

Duk wanda ya haɗa talabijin da amfilifaya da lasifikoki biyar ko bakwai a falonsa, ya kunna fim ya ji ƙasa tana rawa, abu na farko da zuciyarsa za ta raɗa masa shi ne ya iya. To amma kunnen da ke yanke wannan hukunci kunnen wanda ya zaɓi kayan ne, ya biya kuɗinsu, ya sha wahalar jan waya ta bayan kujera. Alƙalin da shi ne mai ƙara kuwa ba a taɓa jin ya kayar da kansa ba.

An gwada wannan a zahiri. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun sa mutane sauraron wasu lasifikoki sau biyu, sau ɗaya suna kallonsu, sau ɗaya an sa labule mai barin sauti ya wuce. Da ido yana gani, manyan lasifikoki masu kyan jiki suka kwashe maki. Da aka sa labule, tazarar ta ragu ƙwarai, kuma bambancin da canza wurin ajiye lasifika ke kawowa, wanda masu sauraro ba su kula da shi ba suna kallo, ya fito fili. Ƙwararrun cikinsu ma ba su tsira ba. Shekara biyar bayan haka David Dunning da Justin Kruger na jami'ar Cornell suka nuna wani abu makamancin wannan a fannonin da ba su shafi sauti ba: 'yan rukunin ƙarshe a jarrabawar da aka yi musu, waɗanda makinsu ya fi na mutum 12 kacal cikin ɗari, sun ɗauka sun fi mutum 62.

Saboda haka hanyar da za mu bi guda ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe. Kafin ka auna komai, ka rubuta abin da kake zaton za ka samu. Sannan ka auna. Tazarar da ke tsakanin zatonka da abin da awo ya nuna, ita ce makinka. Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu da biro, tef ɗin awo, batirin AA guda, na'urar auna ƙarar sauti ko manhajarta a waya, ƙaramin madubi, da aboki ɗaya wanda ba ya jin nauyinka.

Mataki na farko: zana hanyar da sauti yake bi, ba tare da leƙa bayan kayan ba

Zauna a kujerarka ka zana a takarda: daga ina fim yake fitowa, ta wace waya yake wucewa, wace kafa ya shiga, ina ya ɓulla. Idan daga manhajar cikin talabijin kake kallo, sautin sai ya koma baya zuwa amfilifaya, kuma a cikin kafofin HDMI, wato na wayar da ke ɗaukar hoto da sauti tare, ɗaya ce kawai a jikin talabijin take wannan aiki, wadda aka rubuta ARC ko eARC a gefenta. ARC ta zo da HDMI 1.4 a 2009, eARC kuma da HDMI 2.1 a 2017, kuma ita ce ke iya ɗaukar sauti cikakke irin Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio. Ɗaya hanyar kuma, siririyar wayar nan ta optical mai jan haske a baki, tana ɗaukar Dolby Digital da DTS na lasifikoki biyar da wufa, wato lasifikar sauti mai kauri, daga nan ba ta ƙara gaba.

Yanzu rubuta zatonka: wane irin sauti ne yake shiga amfilifayarka a fim ɗin da ka saba kallo? Kunna fim ɗin, danna maɓallin bayani a rimot, ka karanta abin da yake *shigowa*, kada ka tsaya a abin da take fitarwa. A nan ne mutane da yawa ke cin karo da PCM 2.0. Ma'anarsa tashoshi biyu kawai ake aiko mata, ita ce take yayyafa su ga sauran lasifikokin da dabararta. Kowace lasifika tana magana, ɗakin ya cika da ƙara, mai gida yana ta yaba Dolby Atmos, tsarin da ke kawo sauti har ta saman kai, alhali Atmos ɗin bai taɓa shigowa gidan ba. Gyaran yawanci yana cikin saitin sautin talabijin, inda za a ce mata ta wuce da sautin yadda ya zo maimakon ta mayar da shi PCM. Idan zanenka da zatonka sun yi daidai da abin da ka gani, ka ci wannan. Idan ba su yi ba, rubuta hakan yadda yake.

Mataki na biyu: wayoyin lasifika

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Kunna sautin gwaji na amfilifaya ka tabbata sunan da ke kan allo shi ne lasifikar da ke ƙara. Musanya hagu da dama a lasifikokin baya kuskure ne da ke iya shekara ba a gano ba. Sannan ka duba ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a bakunan waya biyu. Idan wayar ta bi ta bango ba a ganin alamarta, kashe amfilifaya, zare wayar daga jikinta, ka taɓa bakunan biyu a jikin batirin AA na ɗan ƙiftawar ido, abokinka yana kallon babban faifan da ke bakin lasifikar. Idan faifan ya turo waje, wayar da ke kan kan batirin ita ce ja. Lasifika ɗaya da aka juya wa waya tana sa muryar da ya kamata ta tsaya a tsakiya ta watse, bes kuma, wato sauti mai kauri, ya rame. Ka kuma duba kada silin tagulla ko ɗaya ya kuɓuce ya taɓa maƙwabcinsa, don shi ne ke sa amfilifaya ta riƙa kashe kanta da an ƙara murya.

Mataki na uku: inda ka ajiye su

Kafin ka ɗauko tef, rubuta kusurwar da kake jin lasifikokin gaba suke daga inda kake zama. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta jera lasifikoki, ITU-R BS.775, ta sa ta tsakiya a gabanka sak, na hagu da dama a digiri 30 kowanne, na gefe a tsakanin digiri 100 zuwa 120, wato kaɗan bayan kafaɗarka. Dolby ta yarda da digiri 22 zuwa 30 ga na gaba. Ba ka buƙatar wata na'ura don gane wannan. Idan tsakaninka da layin lasifikokin gaba mita 3 ne, digiri 30 yana nufin kowace ta nisanci tsakiyar allo da kamar mita 1.7, digiri 22 kuma kamar mita 1.2. Yawancin waɗanda suka manna lasifikoki a gefen talabijin za su tarar kusurwarsu ba ta kai ko ta ƙasan ba, shi ya sa motar da ta wuce daga hagu zuwa dama a fim take jin kamar ba ta bar tsakiya ba.

Ƙaramin bakin nan mai fitar da siririn sauti ya zama daidai da tsayin kunnenka kana zaune. Lasifikar tsakiya, wadda ke ɗauke da kusan duk maganar 'yan wasa, ita aka fi zalunta: a tura ta can cikin kabad, katako sama da ƙasa, sannan a ce 'yan fim ɗin zamani ba sa buɗe baki. Jawo ta har bakinta ya zo daidai da gefen katakon ko ya ɗan wuce, ka ɗaga gabanta ta kalli fuskarka. Idan kana da lasifikokin sama na Atmos, na gefe su sauko kusa da tsayin kunne, don in duk suna can kusa da rufi babu yadda kunne zai raba ruwan sama da takun mutum.

Madubin kuma ga aikinsa. Kana zaune, abokinka ya riƙa jan sa a jikin bangon gefe daidai tsayin kunnenka. Duk inda ka hango lasifikar gaba a cikinsa, nan ne sauti yake dukan bango ya dawo maka. Tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi a tsakiyar ɗakin. Idan ka ji wata 'yar ƙara mai karkarwa tana bin tafin, bangaye biyu masu fuskantar juna ne suke jifan juna da sauti, kuma kafet mai kauri da labule da kantar littattafai za su yi maka abin da sabuwar amfilifaya ba za ta yi ba.

Mataki na huɗu: gwada kunnenka da na'ura

Nan ne gwajin yake fara zafi. Mayar da matakin ƙarar kowace lasifika sifili a cikin saiti, bayan ka rubuta lambobin da suke a da. Kunna sautin gwaji, wannan shuuu ɗin da ke zagayawa, ka daidaita su da kunne kaɗai har ka gamsu cewa duk ƙararsu ɗaya. Rubuta lambobin. Sai ka ɗauko na'urar awo, ka sa ta a ma'aunin C da saurin amsa na hankali, ka riƙe ta a inda kanka yake zama tana kallon rufi, ka daidaita kowace lasifika ta ba da desibel 75.

Kwatanta jerin biyu. Bambancin desibel ɗaya ko ƙasa da haka, kunnenka abin dogaro ne a wannan aiki. Desibel uku zuwa sama, ka daina saita ƙara da kunne tukuna. Kusan kullum kuskuren gefe ɗaya yake karkata: na baya da wufa sun yi yawa, saboda mutum yana so ya ji abin da ya saya yana aiki. Lasifikar gefe da kake jin ta a kowane lokaci ta yi ƙara da yawa. Aikinta ta sa ka cikin wurin, ka manta da ita har sai wani abu ya faɗo ta bayanka. Manhajar waya ta isa wajen kwatanta lasifikoki biyar ɗin da juna, amma kada ka yarda da ita a kan wufa, domin makirufon waya ba ya jin sauti mai kauri sosai yadda ya kamata.

Sai nisa. Sauti yana tafiyar kamar mita 343 a sakan, wato santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Amfilifaya tana tambayar nisan kowace lasifika ne don ta jinkirta na kusa, duk su iso kunnenka tare. Auna da tef daga bakin kowace lasifika zuwa inda kanka yake, ka kwatanta da abin da ke cikin saiti. Ga tambayar da ke raba wanda ya fahimci aikin da wanda ya haddace shi: makirufon da amfilifaya take auna ɗaki da shi ya ce wufarka tana mita 4.6, tef ya ce mita 3.5. Wanne za ka bi? Wanda ya yi sauri ya gyara lambar ta koma 3.5 ya ɓata aiki. Kayan lantarkin cikin wufar suna jinkirta sauti kaɗan, makirufon kuma lokacin isowar sauti yake aunawa, sai ya mayar da jinkirin ya zama ƙarin nisa. Lambar da ta yi kama da kuskure ita ce daidai.

Wata 'yar magana a gefe, tunda muna kan ƙara. A ma'aunin gidajen silima kowace lasifika tana iya kaiwa desibel 105 a ƙololuwa, tashar wufa 115. A ɗakin gida wannan ya yi wa mutane da yawa yawa. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 na awa takwas a wurin aiki, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Kunnen shi ne kayan aikin da ba a sayar da madadinsa, ka yi gwaje-gwajen nan da murya madaidaiciya.

Mataki na biyar: bes, inda yawancin masu da'awar gwaninta suke faɗuwa

Fara da saitin girman lasifika. Za ka ga zaɓi biyu, Small da Large, kuma wanda ya sayi dogayen lasifikoki yana jin kamar raini ne ya kira su ƙanana. Saitin bai damu da girman akwati ba. Abin da yake tambaya shi ne ko a kwashe sauti mafi kauri daga wannan lasifika a miƙa wa wufa. In kana da wufa, amsar kusan kullum e ce. Mararrabar da ake raba aikin, 80 Hz ce wadda kamfanin THX ya tsayar, kuma wuri ne mai kyau na farawa (Hz ma'aunin kaurin sauti ne: ƙaramar lamba, sauti mai kauri). Ƙananan lasifikoki na iya buƙatar 100 ko 120. Wannan dabam yake da tacewar tashar LFE, tashar wufa ta cikin fim, wato ".1" ɗin da ke cikin 5.1, wadda ake bari a 120 Hz. Idan za ka iya bayyana wa abokinka bambancin waɗannan lambobi biyu har ya gane, ka ba kanka maki. A bayan wufar kuma, maɓallin tace sauti ya tafi ƙarshe ko a kashe shi gaba ɗaya, kada a tace sau biyu.

Yanzu ɗakin kansa. Sauti mai kauri dogon zango gare shi: a 40 Hz tsawon igiyarsa ɗaya ya haura mita 8. Idan ya bugi bango ya dawo, a wani wurin yana haɗuwa da kansa ya ninka, a wani wurin ya kashe kansa. Lissafin mai sauƙi ne: raba 343 da ninkin tsawon ɗakin. Ɗaki mai mita 5 yana da irin wannan amo a wajen 34 Hz, da 69, da 103. Faɗin mita 4 yana ba da 43 Hz da ninke-ninkensa. Yi lissafin na ɗakinka, tsawo da faɗi da tsayi, sannan ka rubuta inda kake zaton bes zai yi yawa da inda zai ɓace.

Samo sautin gwaji mai tsayawa a lambar Hz ɗaya tak, a lambar farko da lissafin ya ba ka, ka kunna shi a hankali, ka taka daga bangon gaba zuwa na baya. Kusa da bango zai cika maka kai. Kana isowa tsakiyar ɗakin zai yi ƙasa kamar an rage murya, wani lokaci har ka ɗauka wufar ta mutu, ka ƙara taku biyu ya dawo. Duk wanda bai taɓa yin wannan tattaki ba bai san abin da ɗakinsa yake yi wa kayansa ba. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa kujera a tsakiyar ɗaki cif take rasa bes, kujerar da aka jingina da bangon baya kuma take samun gurnani marar fasali.

Don nemo wa wufa mazauni, akwai tsohuwar dabara da ba ta da kyan gani amma tana aiki. Ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, kunna kiɗan da besinsa yake hawa da sauka, ka durƙusa ka bi gefen bango da rarrafe, kunnenka a tsayin da wufar za ta zauna. Abin nema shi ne wurin da kowane bugu yake fita da ƙarfi ɗaya, kana iya bin hawa da saukarsa. Wurin da ya fi ƙara yawanci kusurwa ce, kuma ba lallai shi ne ya fi daidaito ba. Inda ka samu, nan wufar za ta koma. Bayan haka kunna sauti a daidai mararrabar, 80 Hz in ita ka zaɓa, kana zaune abokinka yana juya maɓallin da ke bayan wufar tsakanin 0 da 180. Wanda ya fi ƙarfi a kujerarka shi ne inda wufa da lasifikokin gaba suke tura iska tare.

Tambaya ta biyu mai rarrabe mutane: awo ya nuna rami mai zurfi a 60 Hz a wurin zamanka. Me za ka yi? Mai ɗan sani zai ce a ƙara ƙarfi a 60 Hz. Ramin ya samu ne saboda sautin da ya dawo daga bango yana kashe wanda ya fito, in ka ƙara na farko ka ƙara na biyun, ramin yana nan, wufar ce kawai take wahala. Tudu ana iya rage shi da saiti. Rami sai an matsar da kujera, ko wufa, ko an ƙara wufa ta biyu a wani gefe, abin da binciken Todd Welti a Harman ya nuna yana daidaita bes a kujeru da yawa lokaci ɗaya. Wanda yake son ganin duk wannan a zane zai iya sauke manhajar REW, kyauta ce, ya haɗa da makirufon awo irin UMIK-1 na miniDSP. A ganina daga ranar da mutum ya fara karanta wannan zane ne ya cancanci ya ba wani shawara a kan bes.

Mataki na shida: binciki aikin makirufon amfilifaya

Amfilifayoyi da yawa suna da tsarin auna ɗaki da makirufo su saita kansu: Denon da Marantz suna zuwa da Audyssey, Yamaha da YPAO, Pioneer da MCACC, wasu kuma da Dirac Live. Danna maɓalli kowa ya iya. Gwaninta tana wajen shirya awon da kuma duba sakamakon. Makirufo ya tsaya a kan sanda mai ƙafa uku, yana kallon rufi, a tsayin kunne, ba a hannu ba, ba a kan matashin kujera ba. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a yi shiru, a auna duk wuraren da ta nema, kuma su kasance kusa da babbar kujera. Da ta gama, duba abu uku. Ta mayar da wata lasifika Large? Mayar da ita Small. Ta sa mararraba a 40 ko 60 Hz? Kana iya ɗaga ta zuwa 80, amma kada ka sauke ta ƙasa da abin da ta gano. Matakin wufa ya tafi ƙarshen ma'auni ta ɓangaren ragi? Ƙarar da ke jikin wufar ta yi yawa, rage ta ka sake awon daga farko.

Mataki na bakwai: hoto

Rubuta yanayin hoton da talabijin ɗinka take kai ba tare da ka duba ba, sannan ka duba. In Vivid ne ko Dynamic, wannan saitin ɗakin baje koli ne, an yi shi don ya fi na kusa da shi ƙyalli. Koma Cinema ko Movie, ko Filmmaker Mode da ƙungiyar UHD Alliance ta fito da shi a 2019. Farin zai yi maka kamar ya yi ja-ja a kwanakin farko, saboda idonka ya saba da fari mai shuɗi. Ma'aunin da ake gyara launin fim da shi D65 ne, kusan 6500 K. Ba shi 'yan kwanaki kafin ka yanke hukunci. Kashe saitin da ke ƙirƙiro hotunan cike gurbi don motsi ya yi santsi, tunda fim hoto 24 ake ɗauka a sakan. Da hoton gwajin baƙi, rage haske har sandunan da ke ƙasa da mataki na 16 su ɓace, na 17 ya rage da ƙyar ake ganinsa. Nisan zama kuma, tsakanin ninki 1.2 zuwa 1.6 na tsawon allo daga kusurwa zuwa kusurwa. Ga inci 65 kamar mita 2 zuwa 2.6 ke nan.

Mataki na takwas: saurare ido rufe

Zaɓi wani abu da ka tabbata kana jin bambancinsa: sabuwar waya da tsohuwa, gyaran makirufo a kunne da a kashe, mararraba a 60 da 80. Da farko a daidaita ƙarar biyun da na'ura, domin wanda ya ɗan fi ƙara, ko da rabin desibel ne, shi kunne yake cewa ya fi daɗi. Abokinka ya jefa kwabo sau goma ya rubuta jerin a ɓoye, ya riƙa canzawa bisa jerin, kai kana juya baya, shi kuma bakinsa a rufe. Gajeren yanki ɗaya za a riƙa maimaitawa, kuma canjin ya zama da sauri, don kunne ba ya riƙe ainihin kamannin sauti fiye da 'yan sakanni. Ka ci tara cikin goma, damar a ce sa'a ce kamar ɗaya ce cikin ɗari. Ka ci shida, daidai kake da mai canki-canki. Abin da ka kasa bambancewa ido rufe, cire shi daga jerin abubuwan da kake ba mutane shawara a kai, kuma ka daina kashe masa kuɗi.

Mataki na tara: a ɓata maka, ka gano

Wannan shi ne gwajin da na fi yarda da shi. Rubuta ɓarna shida a ƙananan takardu: juya wayar lasifika ɗaya ta gaba, musanya na baya biyu, rage ta tsakiya da desibel 4, juya maɓallin wufa zuwa 180, mayar da sautin talabijin PCM, ƙara wa lasifika ɗaya nisan mita 2 a saiti. Ka fita daga ɗakin, abokinka ya zari takarda ɗaya ya aikata. A sa takarda ta bakwai wadda ba a rubuta komai ba, don wani lokaci ba a taɓa komai ba kai ne za ka ƙirƙiro laifi. Da ka dawo, ka saurari yankin fim da ka sani sosai, ka faɗi abin da ka ji da kuma abin da kake zargi, tun kafin ka taɓa rimot.

Sakamakon yakan kasu uku. Akwai wanda bai ji komai ya canza ba. Akwai wanda ya ji wani abu ba daidai ba, amma sai ya bi saiti ɗaya bayan ɗaya kafin ya samo. Akwai wanda zai ce muryar ta bar tsakiya kuma bes ya rame, a duba wayar hagu ko ta dama, a je a tarar haka ne. Kada ka haɗa wa kanka maki ɗaya dunƙule. Buɗe littafinka ka ba kowane fanni nasa: haɗa waya, ajiye lasifika, kunne, bes, hoto, gano matsala. Ba abin mamaki ba ne mutum ya kai kashi na uku a waya da hoto, yana kashi na farko a bes.

Idan duk fannonin sun yi kyau, saura gwaji biyu. Ɗauki hoton kowane shafi na saitinka, ko ka adana shi a filas in amfilifayarka tana yin haka, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ka sake saita komai ba tare da duba hotunan ba, sannan ka kwatanta. Na biyun, ka nemi wanda zai bar ka ka saita masa nasa, a ɗaki mai wani fasali, da kayan wani kamfani. Ka auna ɗakin, ka yi lissafin amonsa, ka rubuta inda kake zaton wufa za ta zauna da lambar da mararraba za ta tsaya, ka miƙa wa mai ɗakin takardar ya riƙe har a gama aikin.